Wanda Ke Rubuta Farashin Kwangila

Kowace shekara, da zarar an zartar da kasafin kuɗi, sai shafuffukan jaridu su cika da sanarwar ma'aikatu da hukumomi, suna kiran 'yan kwangila su kawo tayinsu: nan gina ajujuwa, can haƙa rijiyar burtsatse, can kuma kawo bencina da littattafai. Yawancin masu karatu su kan wuce waɗannan shafuffuka ba su ko dube su ba, gama suna ganin sha'ani ne na attajirai. Amma a cikin manyan kamfanoni, har da matsakaita masu tsari, akwai ma'aikaci guda wanda abincinsa ke nan. Shi ne ke karanta sanarwar tun daga farko har ƙarshe, ya tattara takardu, ya daidaita lissafi, ya rufe ambulan, ya kai akwati kafin wa'adi ya cika. Shi muke kira manajan tayi a cikin wannan bayani. Ba ya ɗora bulo, ba ya kafa ƙusa, da wuya a ga sunansa a allon da ake kafawa bakin aiki. Duk da haka mu da muke zagayen makarantu mun daɗe da lura cewa ginin da zai ƙare da wanda zai tsaya a linta, tun a teburin wannan mutum suke rabuwa.

Dalilin da ya sa muka ta da maganar yanzu shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga watan Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 rabonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, manufarsa a fili take: kwangiloli da yawa za su komo hannun ofisoshin da ke kusa da talakawa, watau magadan ofisoshin En'e na dā, waɗanda aka sāke wa tsari a 1976. Akawun da bai taɓa riƙe rajistar tayi ba, wata rana za a ɗora masa ita. Ya kamata ya san mutumin da zai tsaya gabansa da ambulan, ya san kuma abin da doka ta ɗora wa kowannensu.

Tayin kwangila gwanjo ne a juye. A kasuwa mai kaya guda ne, masu saye suna ƙari, wanda ya fi tsada ya ɗauka. A nan kuwa mai saye ne guda, watau Gwamnati, masu sayarwa suna ragi, kuma ba wanda ke jin abin da ɗan'uwansa ya faɗa, domin kowa a rufe yake kawo nasa. Ba ciniki, ba "ƙara kaɗan", ba "albarka". Abin da aka rubuta shi ke nan. Saboda haka aikin ya bambanta da na dillali, wanda jarinsa baki ne. Manajan tayi sau ɗaya tak yake magana, a rubuce, sa'an nan maganar ta ɗaure kamfaninsa shekara guda ko fiye.

Tsarin da muke bi yau yana da asali. A 1999 Gwamnatin Shugaba Obasanjo ta nemi Bankin Duniya ya taimaka a bincika yadda ake sayen kaya da ba da kwangila a ƙasar nan, abin da aka gano kuwa ya tsorata kowa, don an ƙiyasta cewa cikin kowace naira guda da Gwamnati ta kashe, kwabo 60 na zurarewa ta hanyoyin da ba su dace ba. Daga nan aka buɗe ofishin bin ƙa'ida a fadar Shugaban Ƙasa a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta shugabanta har ta yi suna da shi. Ran 4 ga watan Yuni, 2007, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayen Kayan Gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Dokar ta shafi ma'aikatun tarayya, da kuma duk wata hukuma da ke samun akalla kashi 35 cikin 100 na kuɗin aikin daga asusun tarayya. Jihohi suka bi baya da nasu dokoki, kamar Jihar Kaduna da ta yi tata a 2016. Wannan ya shafe mu ma'aikatan ilmi ƙwarai, gama dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don makarantun firamare da ƙananan sakandare, bisa sharaɗin jiha ta kawo rabin kuɗin aiki. Yawancin sababbin ajujuwan da malamai ke koyarwa ciki ta wannan ƙofa suka fito, watau ta akwatin tayi.

To, mene ne aikin manajan tayi? Na farkonsa, wanda kuma mutane suka fi mantawa, shi ne ya ce wa maigidansa a shiga ko kada a shiga. Ba kowace sanarwa ce ta dace da kowane kamfani ba. In kamfani yana da birkiloli da kafintoci na aiki biyu, ya kuwa riga ya riƙe uku, to, neman na huɗu neman kunya ne. In aikin yana bukatar injin haƙa, kamfanin ba shi da shi, bai kuma san inda zai yi haya ba, gara a haƙura. Maigida ba ya son jin wannan magana, don shi idonsa na kan jimlar kuɗin da aka ambata. Manajan da ba ya iya duban maigidansa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba namu ba ne," magatakarda ne kawai mai kwafe takardu, ko da wane suna aka kira shi.

In an yanke shawarar shiga, sai aikin takardu, wanda ba shi da wuyar fahimta amma yana cin mutane da yawa. Ana neman shaidar rajistar kamfani, da takardar biyan haraji ta shekara uku, da shaidar zuba kuɗin fansho na ma'aikata, da ta asusun koyar da sana'a, da ta inshorar ma'aikata, da shaidar ayyukan da aka taɓa yi. Wasu daga cikin takardun nan ran 31 ga Disamba suke mutuwa, saboda haka wanda ya jira sai ya ga sanarwa a watan Fabrairu kana ya fara sintiri ofis-ofis ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma takardar rantsuwa, inda kamfani zai bayyana ko wani ma'aikacin hukumar da ke ba da aikin yana da hannun jari a cikinsa, ko ya taɓa zama daraktansa. Ga manyan ayyuka a kan nemi jinginar banki wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na kuɗin tayi ba, don kada mutum ya ci sa'an nan ya janye. Doka ta ce a kawo tayi a rubuce, da sa hannu, cikin ambulan rufaffe, a jefa a akwatin da ba ya buɗuwa sai ranarsa, a kuma ba wanda ya kawo rasit mai nuna rana da sa'a. Wanda ya zo bayan wa'adi, ko da minti biyar ne, a mayar masa da ambulansa ba a buɗe ba. Manaja na ƙwarai ya kan kai nasa tun ana saura kwana guda, don ya san halin mota da halin hanya.

Amma duk wannan sharar fage ce. Inda nauyin yake shi ne farashi, nan ne kuma za mu ɗan daɗe.

Hukuma ta kan ba da takardar ƙididdigar kaya, wadda ta jera kowane abu da aikin zai ci: haƙar harsashi, siminti, rodi, yashi, tsakuwa, katako, kwanon rufi, ƙofofi, tagogi, fenti. Gefen kowane layi akwai fili, nan kamfani zai rubuta kuɗinsa. Manajan tayi ba shi kaɗai ke cika filayen ba, yana da mai awon kayan gini, da injiniya, da akanta. Amma shi ne ke tara su, ya tsai da musu ranaku, ya kuma tambayi kowane adadi daga ina ya fito. Wajibi ne ya je ya ga wurin da idonsa, ko ya aika wanda ya amince da shi. Ajujuwa uku a cikin birni da ajujuwa uku a ƙauyen da ke bayan kogi, zane ɗaya ne a takarda, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ina ruwa? Ina yashi? Babbar mota tana shiga da damina, ko sai an sauke kaya a bakin gulbi an ɗauka da amalanke? Ƙasar wurin jigawa ce, ko laka mai tsagewa da rani wadda ke neman harsashi mai zurfi? Wanda ya cika takarda yana zaune ƙarƙashin fanka bai san ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sa'an nan ga sha'anin lokaci. Tsakanin ranar rubuta tayi da ranar sayen buhun siminti na ƙarshe a kan yi watanni, wani lokaci shekara. A zamanin da farashi ke zaune wannan ba kome ba ne. Amma ran 29 ga watan Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban wannan shekara. Siminti da rodi da kwano da kuɗin dako duk suka tashi tare. Ɗan kwangilar da ya rubuta farashinsa a watan Afrilu na 2023 bai bar wa kansa wurin numfashi ba, ya tarar da kansa yana gini da kuɗin aljihunsa. Manaja mai hankali ya kan duba tun farko ko sharuɗɗan kwangilar sun yarda a sāke duba farashi in kaya suka tashi. In ba su yarda ba, sai ya lissafa haɗarin cikin kuɗinsa, ko ya rubuta wa hukuma tambaya kafin wa'adi, ko kuwa ya ba maigida shawara a janye.

Nan ne jarrabawar take. Doka ta ce a ba wanda tayinsa ya fi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an auna su. Mutane da yawa rabin maganar suka riƙe, watau "wanda ya fi araha", suka yar da sauran. Bari mu yi misali. A ce aikin ajujuwa uku, in za a yi shi yadda zane ya nuna, zai ci naira miliyan 30, kamfani ya ɗora ribarsa ya rubuta miliyan 33. Wani kuma, don kawai ya ci, ya rubuta miliyan 24. Daga ina miliyan 6 ɗin da suka rage za su fito? Ba daga sama ba. Buhun siminti mai kilo 50 da ya kamata a buga bulo 30 da shi, sai a matsa masa ya ba da 45. A rage kaurin rodi, a faɗaɗa tsakanin katakon rufi, a sa kwano marar kauri, a bar katako ba magani gara ta samu abinci. In duk wannan bai rufe ramin ba, sai a karɓi kuɗin somin aiki, a kai gini linta, a ɓace. Dokar 2007 ta tsai da kuɗin somin aiki a kashi 15 cikin 100, gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, don a sauƙaƙa musu. Niyyar kyakkyawa ce, amma ga mai mugun nufi ta ƙara girman abin da zai gudu da shi, in hukuma ba ta riƙe jinginar banki da kyau ba.

Kowane malamin ƙauye ya san ƙarshen labarin. Iskar farkon damina ta zo, ta yaye rufin da bai shekara biyu ba, yara su koma gindin bishiya, ko a cusa aji biyu a ɗaki guda, a bar malami da yara sama da 100 da alli ɗaya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ba kuwa a ƙauye kaɗai abin ya tsaya ba. Kwamitin da Shugaba Jonathan ya naɗa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a ƙare ba, waɗanda za su ci naira tiriliyan 7.78 kafin a gama su. Ba mu ce duka laifin masu rubuta tayi ne ba, gama akwai ayyukan da aka fara ba tare da an tanadi kuɗinsu ba, akwai kuma waɗanda sabuwar gwamnati ta juya wa baya. Amma farashin ƙarya yana da babban rabo a ciki.

Don haka muke ganin cewa manajan tayi amana biyu yake riƙe da su. Ɗaya ta maigidansa, wanda ke biyansa albashi don ya ciwo aiki. Ɗayar kuwa ta yaran da za su zauna ƙarƙashin rufin, waɗanda ba su san da shi ba. Wasu za su ce amanar nan biyu suna karo da juna. Mu dai ba mu ga haka ba, in an duba nesa. Kamfanin da ya ci aiki da farashin da ba zai ishe shi ba, ko dai ya yi hasara, ko ya yi ha'inci, kowanne kuwa yana kashe kamfani. Ɗaya da sauri, ɗaya a hankali. Kafin a sa hannu a kan kwangila ana neman jinginar cika aiki wadda ba ta gaza kashi 10 cikin 100 ba, banki kuma ba ya yafewa.

Akwai wata hanyar ɓata da ta fi wannan muni, domin ita ba ta barin alama a takarda. Mutum guda ya yi rajistar kamfani uku, ya kawo tayi uku, biyu masu tsada don su yi wa na ukun rakiya. Ko 'yan kwangila su haɗa baki: wannan karo naka ne, na gaba nawa. Ko a sami wani a cikin ofis ya tsegunta ƙiyasin da hukuma ta yi a asirce. Ko kuwa ma'aikata da kansu su yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don kada ya kai adadin da zai sa a tura shi gaba a bincika. Doka ta ambaci waɗannan da sunayensu, hukuncinta kuwa ba na wasa ba ne. Wanda ba ma'aikacin Gwamnati ba, ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ba zaɓin tara. Ma'aikacin Gwamnati, ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, da kora daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangila akalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Manajan tayi ya tuna cewa takardar jabu da aka cusa cikin ambulan ta hannunsa ta bi, ranar bincike kuwa maigida zai iya cewa bai sani ba.

In ana son ganin abin da rashin gasa a fili ke jawowa, a dubi kwangilar iskar gas da aka ƙulla da kamfanin P&ID a 2010. Ba a gina kome ba, amma masu sulhu a London suka yanke a 2017 cewa Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa ya haura biliyan 11. Sai a watan Oktoba na 2023 wata babbar kotun Ingila ta rushe hukuncin, bayan ta tabbatar an yi amfani da cin hanci. Shekara 13 ƙasa na ɗauke da wannan kaya.

Gaskiya kuma ta sa mu faɗi cewa ba 'yan kwangila kaɗai ke da gyara ba. Doka ta ce in an wuce kwana 60 ba a biya ɗan kwangila kuɗin aikin da aka tabbatar ya yi ba, a biya shi da ƙari. Sau nawa ake yin haka? Wanda ya san zai jira shekara kafin a biya shi, alhali banki na lissafa masa ruwa kowane wata, tilas ya ɗora wannan cikin farashinsa, ko ya rage daga ingancin aiki. Hukumar da ke jinkirta biya ita ke koya wa manajan tayi ƙarin kuɗi, sa'an nan ta komo tana kukan tsada.

Aikin manaja ba ya ƙarewa da jefa ambulan. Ranar buɗewa ya kan halarta, gama doka ta ce a buɗe a bainar jama'a nan take bayan cikar wa'adi, a rubuta sunayen waɗanda suka zo, a karanta sunan kowane kamfani da jimlar kuɗinsa da ƙarfi kowa ya ji, a kuma gayyaci masu sa ido biyu daga wajen Gwamnati. Ya rubuta abin da ya ji a littafinsa, don shi ne madubinsa na gaba. In ya ga an yi masa ba daidai ba, yana da kwana 15 na aiki ya kai kuka ga shugaban hukumar a rubuce. In bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa BPP, daga can kuma Babbar Kotun Tarayya. In kuwa ya ci, sai ya zauna da waɗanda za su yi aikin ya damƙa musu duk alkawarin da ya ɗauka da sunansu, layi-layi. Sau da yawa a nan ake yin sakaci: mai rubutu ya yi alkawarin wata shida da kwano mai kauri, wanda ke bakin aiki bai taɓa ganin takardar ba.

Saura ku akawuna da malamai. Akawun da aka ba mabuɗin akwati da rajista, shi ne takwaran manajan tayi a ɓangaren Gwamnati. Za a zo masa da murmushi bayan an tashi ofis, a ce ambulan guda ne kawai, mota ce ta lalace a hanya. Za a tambaye shi, cikin raha, kamfani nawa suka kawo, su wane ne. Amsarsa ita ce ya ja layi a rajista daidai sa'ar da aka sanar, ya sa hannu, ya sa wani ya shaida. Shugaban makaranta kuma, tare da kwamitin iyaye, yana da ikon ya nemi ganin takardar ƙididdigar kayan ginin da ake yi a harabarsa. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan roƙo, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2025 cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ba sai malami ya zama injiniya ba kafin ya ƙirga tagogi, ko ya ga an rubuta silin ba a sa ba, ko ya murza bulo da yatsa ya ga yana zuba. In ya ga haka, ya rubuta wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukumarsa tun ginin bai kai rufi ba, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafe guda a fayil ɗin makaranta, domin takardar shaidar kammala aiki ba ta fita sai wani ya sa hannu cewa an yi shi yadda aka rubuta.